Tsakanin bencin shago da gem ɗin onlayin: amsa ga ƙanena mai buga eFootball

Wani ƙanena a harkar nan ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya barka da aiki. Wata uku kenan da na fara buga eFootball onlayin a waya amma abin ya ishe ni. Da na zura biyu sai mutum ya fice, in kuma shi ya zura ɗaya sai ya koma baya yana ta buga wa gola har a tashi. A PUBG kuma ban da ashar ba abin da ake yi a mayik. Wani lokacin ma sai in ji kamar gem ɗin ne da kansa yake so a ci ni. Ga abokaina sun dame ni wai in kawo nawa kason mu sayi sabon FC, gem ɗin ƙwallon nan da ya gaji FIFA, ranar da ya fito. Mutane ne suka lalace ko ni ne ban gane kan abin ba?"

To ƙanena sannu da fama, wallahi da na karanta sai da na yi dariya, don ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji irin wannan kukan a shago ba. Ni tun zamanin PS2 nake cikin sana'ar nan, lokacin da Winning Eleven ne sarki, talabijin huɗu ne da ni da benci biyu da wata ƙaramar janareta da sai ka ja igiyarta sau goma kafin ta amsa. Kuma bari in fara da bencin nan, domin shi ne rabin amsarka.

A shago doka biyu ce kawai, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci shi ke zama. Amma akwai ta uku da ba wanda ya rubuta ta, ita ce idon jama'a. Mutum goma suna bayanka suna jiran layi, in aka yi maka uku da nema ka ajiye hannu ka ce ka fasa, to kowa ya gani, kuma gobe a majalisa da kai za a sha shayi. Akwai wani yaro da muka yi fama da shi, in ya ga ana lallasa shi sai ya miƙa ƙafa a hankali ya taɓa soket, talabijin ta mutu, ya ce kai Nepa ba su kyauta ba. Ranar da asirinsa ya tonu fanka ce ta tona shi, tana sama tana ta juyawa abinta, kowa ya ɗaga kai ya kalle ta ya dawo ya kalle shi. Daga ranar sunansa ya koma Nepa a unguwar, yanzu haka magidanci ne da 'ya'ya uku amma har gobe da shi ake kiransa. Ka ga kuwa ba a sake samun mai taɓa soket a shagon ba, ni kuma ko tsawa ban yi ba.

Yanzu ɗauki wannan yaron ka ba shi waya ka sa shi a ɗaki shi kaɗai, sunansa wasu haruffa da lambobi, wanda yake karawa da shi yana wata ƙasa kuma ba za su sake haɗuwa ba har abada. Me zai hana shi taɓa soket? Ba fanka, ba majalisa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Suler, tun 2004 ya yi rubutu a kan yadda kunya ke zubewa in mutum ya hau intanet, saboda ba a san shi ba, ba a ganin fuskarsa, shi ma ba ya ganin fuskar wanda ya ɓata wa rai. Mu a shago mun riga mun san haka ba tare da mun ba abin suna ba. Don haka ni ban yarda mutane sun lalace ba, masu halin nan dama can suna nan, benci ne ya danne su.

Sai dai ba rashin benci ne kaɗai ba, nan ne mutane da yawa ba sa lura. Gem ɗin da kansa yana biyan mutum lada a kan wannan halin. Duba yadda aka tsara shi, akwai dibishin da kake hawa ko ka sauka, akwai gasa mai wa'adi da za a ce ka ci wasa kaza kafin ranar kaza a ba ka koyin ko ɗan wasa. Ba a ce ka buga da kyau ba, ba a ce ka ji daɗi ba, cewa aka yi ka ci. To mutumin da ka zura wa biyu a minti na ashirin lissafi yake yi, in ya zauna zai ƙona minti takwas ko goma da data da caji a wasan da ya riga ya ga ba nasa ba ne, in ya fice an rubuta masa faɗuwa ɗaya, wadda dama ita zai samu, ya shiga wani wasan da wuri. Shi kuma mai buga wa gola bayan ya ci ɗaya, shi ma lissafin ne, ɗaya da nema da biyar da nema duk maki ɗaya suke kawowa. Abin haushi ne ƙwarai, ni kaina na sha jefar da hannu a kan katifa saboda irinsu, amma in ka gane cewa ba da kai yake ba, da agogo yake, zuciyarka za ta ɗan yi sanyi. Kuma wanda ya fice ai kyauta ya yi maka, yawanci kai ake rubuta wa nasarar.

Sannan ka cire wani kaso daga cikin masu ficewar nan, don ba ficewa suka yi ba. Kai ma ka sani, kana tsakiyar wasa kira ya shigo, ko data ta ƙare ba sallama, ko sabis ya sauka daga 4G ya koma wani abu da ko saƙo ba ya turawa, ko Hajiya ta ƙwala maka kira daga tsakar gida kuma ba a ce wa Hajiya bari in gama haf. Wancan na can ɓangaren shi ma yana nan yana zaginka yana cewa ka gudu.

Wannan ya kawo ni maganar da ka yi cewa kamar gem ɗin ne yake so a ci ka. Duk ɗan ƙwallon gem ya taɓa jin haka, ka danna fasin ɗan wasa ya tsaya yana kallonka, mai tsaron baya ya zama kamar an ɗaura masa buhun siminti, a minti na 90 a farke maka. Turawa ma sun daɗe suna wannan zargin, har a Nuwamba 2020 wasu mutum uku a Kalifoniya suka maka EA, kamfanin da ke yin FIFA da FC, a kotu suna cewa yana murɗa wahalar wasa a ɓoye don a sayi katin 'yan wasa na cikin gem. EA ta ce tana da rajistar irin wannan fasahar amma ba ta sa ta a Ultimate Team ba, wato ɓangaren gem ɗin da kake haɗa tim ɗinka da kati, ta ba su dama suka zauna da injiniyoyinta, a farkon 2021 suka janye ƙarar. Ni a nawa ganin, bayan shekarun da na yi ina kallon yara suna buga abu ɗaya a shago da kuma onlayin, abu uku ne suke haɗuwa su ba ka wannan jin, kuma babbansu nisa ne.

In kana buga PUBG ka duba lambar nan ta gefen sikirin mai ms a jikinta, wadda take zama kore ko ruwan ɗorawa ko ja. Lokacin da saƙonka ke ɗauka ne ya je saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da wasan ke gudana a kanta, ya dawo, ms ɗaya kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashin da ke ƙarƙashin teku yana cin kusan kilomita 200 a duk ms ɗaya, daga Legas zuwa Landan kuma wajen kilomita 5,000 ne, ka ga zuwa da dawowa ms 50 sun tafi tun kafin a sa komai a lissafi. Ƙara tafiyar Kano zuwa Legas, ƙara eriyar unguwarku da mutum dubu suka hau kanta bayan isha'i, sai ka ga kana wasa da 120 ko 150 wanda yake kusa da saba kuma yana da 20. A gem ɗin harbi ma'anarsa ya gan ka kafin ka gan shi, ka shige bayan bango amma ka mutu, don a wurin saba ba ka shige ba tukuna. A ƙwallo kuma shi ne wannan nauyin da kake ji a ƙafar 'yan wasanka. Wanda ya buga onlayin a tsakiyar Maris 2024 zai tuna, ranar 14 ga wata wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kwana da kwanaki ko shiga wasa ba ya yiwuwa. Ranar ce yarana na shago suka yarda cewa gem ɗin nasu ta cikin ruwa yake bi.

Na biyu tsarin haɗa abokan karawa. In ka ci biyar a jere ba za a ci gaba da kawo maka irin waɗanda ka ci ba, sama za a tura ka, sai ka haɗu da waɗanda suka fi ka, ka sha kashi uku a jere ka ce an juya maka gem. Ba a juya ba, an kai ka inda ƙarfinka ya tsaya ne. Na uku kuma kuɗi, kuma a nan ne ni nake da magana da kamfanonin nan, ba a kan wani murɗiya na ɓoye ba, abin da suke yi a fili ma ya isa.

Da can kaset kake saya sau ɗaya, Barcelona ɗinka ita ce Barcelona ta kowa, bambanci yana hannu. Tun da EA ta kawo Ultimate Team a FIFA 09 lissafi ya canja, Konami mai Winning Eleven da PES ma ta bi sahu, har a 2021 ta kashe sunan PES gaba ɗaya ta koma eFootball kyauta. Kyauta ɗin nan kuwa ka san ba don Allah ba ne. Ana sakin sababbin kati kowane mako, wanda ka yi wata kana tara koyin ka samu, bayan wata biyu an fito da wanda ya fi shi gudu, kai kuma ba ɗan wasan kake saya kai tsaye ba, damar jarraba sa'a kake saya. Tun FIFA 19 EA ta fara nuna yiwuwar samun kowane irin kati, manyan sai ka ga an rubuta ƙasa da 1%. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan akwatin sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, a Janairu 2019 EA ta daina sayar da FIFA Points, kuɗin cikin gem da ake sayen katin da su, a ƙasar. Hukuncinsa a addini wannan na malamai ne, ka kai musu, amma in za ka kai ka kwatanta musu shi yadda yake: ka ba da kuɗi tabbas, abin da za ka samu kuma ba tabbas. Na ga yaron da ya zuba kuɗin rajistar jarrabawarsa a neman kati ɗaya bai samu ba, ya zo shago ya zauna a ƙarshen benci ko hannu bai karɓa ba har muka rufe. Kuma ka lura, mutumin da ya zuba dubu talatin a tim ɗinsa sannan kai da ba ka sa ko sisi ba ka zura masa biyu, wane irin hali kake tsammani daga gare shi? Rabin zafin da kake gani onlayin zafin kuɗi ne.

Maganar ashar a mayik ba zan daɗe a kanta ba. Mutum huɗu da ba su san juna ba, kowa na ganin ɗayan ne ya jawo aka kashe shi, ga rankin yana sauka, dole a yi. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne in sun ji harshenka ko sunanka sai zagin ya bar gem ya koma ƙabila da addini, mata kuwa da yawa ba sa kunna mayik sam don sun san abin da zai biyo baya. Kamfanoni sun fara sa na'ura tana sauraro, Call of Duty ta fara hakan a 2023 da wata manhaja mai suna ToxMod, to amma da manyan harsunan Turai aka fara, wanda ya auna maka ashar da Hausa sai dai ka kai ƙararsa da hannunka. Ka kashe muryar kowa ban da tim ɗinka, in tim ɗin ne matsalar ka kashe su su ma, ka danna rifot ka wuce, kar ka rama. Mafi sauƙi dai ka haɗa mutum uku da ka sani a zahiri ku riƙa shiga tare, ka ga ka dawo da benci kenan ta bayan gida. Kuma don Allah duk wanda ya turo maka link wai UC, kuɗin cikin PUBG, kyauta ko dayamon ɗin Free Fire kyauta, ko wani fayil da zai sa ka riƙa ganin mutane ta bayan bango, kar ka taɓa. Na farko akawun ɗinka na Facebook ko Gmail suke nema, na biyun kuma PUBG Mobile dakatarwar shekara 10 take yi a kansa.

Saura batun saye ranar fitowa. Amsata a'a ce, kuma ba rowa ba ce, tarihi ne. Kai da kake buga eFootball yanzu kana jin daɗinsa ba ka ga yadda ya fito ba ranar 30 ga Satumba 2021. Fuskokin Messi da Ronaldo kamar an zana su da gawayi, 'yan wasa suna gudu hannu a baya, alƙalin wasa yana iyo a cikin ciyawa, ya zama gem mafi munin sharhi a Steam, shagon gem na kwamfuta, a lokacin, Konami ta fito ta ba da haƙuri, sai a Afrilu 2022 aka saki sigar da za a iya kira gem. Cyberpunk 2077 mutum miliyan 8 ne suka biya kafin ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, a PS4 ya zo a lalace har Sony ta cire shi daga shagonta bayan mako guda ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yuni 2021. Yau gem ne mai kyau sosai, amma wanda ya jira shi ya more shi, kuma a rabin kuɗi. Concord kuwa na Sony ya fito 23 ga Agusta 2024, ranar 6 ga Satumba aka kashe shi ɗungurungum, mako biyu kacal. Dalilin duk wannan shi ne yanzu kamfani ya san zai iya turo gyara ta intanet, don haka ranar fitowa ba ita ce ranar gamawa ba. Mu kuma gyaran nan da kuɗinmu muke sauke shi, ka sayi faifai ka sa a PS5 ya ce sai ka sauke gigabait kaza kafin ka shiga onlayin, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta Najeriya NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairu 2025.

FC kuma nasa ma ya fi sauƙin hukunci. Tun da EA ta rabu da FIFA, FIFA 23 ne na ƙarshe, FC 24 ya fito a ƙarshen Satumba 2023, kuma kowace shekara a ƙarshen Satumba ne, dala 70 a PS5. Ka buga dala 70 da canjin yau ka gani. Zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin rangwamen Black Friday farashin yana faɗuwa sosai, kuma a lokacin an riga an yi afdet biyu uku an gyara abin da ya zo a karkace. Waɗanda suke rububin ranar farko 'yan Ultimate Team ne da ke son su riga kowa tara kati, da masu yin bidiyo a YouTube da TikTok da abincinsu ke nan, kuma ka riƙa tunawa da yawansu an ba su gem ɗin tun kafin ya fito, ihun da suke yi aiki ne. In ku a ɗaki za ku zauna ku buga Madrid da Barca, na bara ma ya ishe ku, bambancin sabuwar riga ce da 'yan wasan da suka canja kulob. Ni a shago nakan sayi ɗaya da wuri don kwastoma suna tambaya, wannan jari ne, na gida kuwa sai Disamba.

In kun dage sai kun saya to ga abin da ke kama mutane. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ta buɗe wa PSN, wato tsarin onlayin na PlayStation, a hukumance, Nijar da Ghana ma haka, shi ya sa kowa akawun ɗinsa na Amurka ne ko Ingila ko Turkiyya. Katin kuɗin da za ka saya dole ya zama na ƙasar akawun ɗin, na Amurka ba ya shiga na Ingila, kuma in faifanka na yankin Turai ne akawun ɗinka na Amurka, ƙarin kayan da ka saya a shagon onlayin zai iya ƙin hawa. Wannan rashin sunanmu a jerin ya taɓa fitowa fili a Mayu 2024, lokacin da Sony ta ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya haɗa da akawun ɗin PSN, aka daina sayar da gem ɗin a Steam a ƙasashe sama da 170, kusan duk Afirka a ciki ban da Afirka ta Kudu. 'Yan wasa suka yi masa ruwan mummunan sharhi, cikin 'yan kwanaki Sony ta janye dokar. Ka ga taron dangin nan na onlayin da yake zagin mutane, wani lokacin shi ne kuma yake tanƙwara kamfani. Kuma in kuɗi za ku haɗa ku biyar, ku yanke tun yanzu a akawun ɗin wa za a saya, don na raba faɗa a kan wannan ya fi a ƙirga, faifai ya fi muku, ko ba komai za ku iya sayar da shi ku rage asara.

Nasan GTA 6 ma yana ranka ko da ba ka faɗa ba, kowa yana ransa, GTA V tun Satumba 2013 ya fito. An nuna tallan farko a Disamba 2023, aka ce 2025, aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, a Nuwamba 2025 Rockstar mai gem ɗin ta sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026, kuma PS5 da Xbox Series aka ambata, ba PS4 ba waya. Duk wanda ya ce maka yana da GTA 6 na Android a tura maka ta Xender, ka riƙe wayarka da kyau.

Kafin ka sake shiga dibishin gwada wannan na mako ɗaya, ka bar buga wasan maki tsakanin magariba da sha ɗayan dare lokacin da layi ya cushe, ka buga da safe ko can dare, ka rufe duk abin da ke jan data a bayan fage, ka sa wayar a yanayin da kira ba zai katse ka ba, in an ci ka biyu a jere ka ajiye ka tashi, don wasa na uku da haushi ake buga shi kuma shi ma faɗuwa ne. In ka shigo gari ranar Asabar ka biyo shago bayan la'asar, akwai yara biyu da ke neman wanda zai karɓi hannu a wurinsu tun sallah. Ka taho da canji a aljihu, dokar ba ta canja ba, wanda aka ci shi ke biya.